Hannun Da Ya Cire Ambulan

Shafi na 19

Masu cewa na cika jan rai, saƙonku ya iso. Ga shi nan. Mai karatu a tsaye ya nemi wuri ya zauna.

* * *

Motar Alhaji Wada ta riga Zahida isowa. Tun daga bakin lungu, tana bayan zemijan, ta hango ta a ƙofar gidansu, an ɗaga murfin baya, an saka tabarma da buta da baƙar jakar nan da mahaifinta ke tafiya da ita.

Ta sallami mai babur ta shige. A zaure ta yi kiciɓis da mai motar, ƙanen mahaifinta, carbi a hannu ɗaya, makulli a ɗayan.

"Baffa, ina kwana."

"Lafiya lau. Kin zo sallama ke nan."

"Gyara na zo. Inna ta ce kwamfutar Baba ta samu matsala."

Ya dube ta sama da ƙasa.

"Jiya a tsakiyar kasuwar Dantokpa aka tsinci ubanki, wajen masu hatsi, ba hula, yana tambayar hanyar gidan waya. Mutumin da ya san Kwatano kamar yunwar cikinsa! Ba don wani ɗan zemijan ya shaida shi ba, da yanzu bakin ruwa muke bi muna cigiya. Ke kuma kin zo gyaran inji."

"Ina za ka kai shi?"

"Inda ake kai irinsa. Akwai malami gaba da garin Djougou, na riga na yi magana da shi."

"Wanda aka kai Latif ɗan gidan maƙwabciyarku Mamata?"

"Ai ya warke."

"Ya dai yi shiru. Na ga ƙafarsa, Baffa. Har yau shaidar sasari tana nan."

"Sammu ba a yi masa lallashi. Rana ɗaya injin ya tsaya, rana ɗaya mai injin ya tsaya. Ke da kika yi karatun lekol, faɗa mini, haka kawai ne?"

"Asibiti ya kamata a kai shi."

"Abin da babba ya hango..."

"Ka ba ni zuwa azahar."

Ya juya makullin a yatsansa.

"In kin tashi injin, yayana ya dawo yadda yake, da hannuna zan sauke kayan nan. In ba haka ba, ana sallame azahar mun kama hanya."

Ɗakin da ke kallon titi shi ne biro, wato ofishin mahaifinta, Alhaji Boureima. Shekara da shekaru yana fito wa 'yan kasuwa da kaya daga tashar jirgin ruwa. Da ƙafa ta gaji ya dawo gida, masu atamfa na kasuwar Missèbo suka ci gaba da aiko masa da takardunsu ta imel, ya duba, ya ce nan daidai ne, nan za a tsare ku. Zahida ce ta haɗa masa kwamfutar. Ita ta shirya ta yadda da an kunna, manhajar imel za ta buɗe da kanta, ta yi ƙara ting, da ƙarfi, don kunnensa ya yi nauyi. Har masu wucewa a titi sun san ƙarar nan. In ta yi, Alhaji ya karanta saƙo, ya sha shayi, ya sa hula, ya fita gaisawa da mutane.

Tun ranar Asabar ba ta yi ba. Tun ranar Asabar kuma shayinsa ke hucewa a kan tebur.

Yana zaune, tafukansa a kan gwiwa, yana kallon allon kwamfutar kamar mai jiran a kira sunansa. Matarsa, Hajiya Zinariya, tana tsaye a bayan kujerar, ta dafa ta.

Zahida ta durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Masu wasiƙa ba su zo ba."

"Yanzu za su zo."

Hajiya ta sunkuyo, ta rage murya.

"Auta, gyara kawai za ki yi. Ba abin da ya same shi. Gajiya ce, sai wannan abin da ya ƙi buɗewa. Gyara, baffanki ya sauke kayan nan kafin idon maƙwabta ya gama cika."

Unguwar Zongo na son kalmar rufin asiri. Ana yi wa mutum addu'a da ita, ana yabon mace da ita. Ba kowa ke tsayawa ya tambaya ba: a rufa wa wa, kuma me ke ruɓewa a ƙarƙashin murfin?

Zahida ta jawo kujerar roba ta zauna gefen mahaifinta. Allon cike yake da 'yan hotuna ƙanana, kamar kasa kaya a kasuwar Tokpa-Hoho. Can gefen dama ga hoton ambulan, alamar manhajar imel, yana nan inda ta bar shi.

"Baba, ga ambulan ɗin can. Danna shi."

Ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar. Bai motsa shi ba.

"Ai shi yake zuwa," ya ce.

"Yau kai za ka kira shi. Danna."

"Shi yake zuwa, Uwata."

"Bar shi, idonsa ne," in ji Hajiya da sauri. Ta miƙo hannu ta saman kafaɗarsa, ta zare linzamin, ta kai 'yar kibiyar kan ambulan ba tare da ta kauce ba, ta danna sau biyu, tsaf.

Zahida ba allon ta kalla ba. Hannun ta kalla.

Kwamfutar tsohuwa ce, nawa gare ta. In an danna abu sai ta yi ta gurnani, a dafa shayi a sheƙa shi kafin ta amsa. Suka jira. Can sai ga shi: ting!

Fuskar Alhaji ta saki. Ya gyara zama, ya lalubo tabarau, har ya kai hannu wajen kofin shayi.

"Alhamdu lillahi!" in ji Hajiya. "Kira baffanki."

"Ba a gyara komai ba, Inna. Manhajar lafiyarta lau, kin gani, da aka danna ta buɗe. Da kanta ne ta daina tashi. Gobe da safe in ya kunna, shiru zai ji."

"To sa ta tashi."

"Sai na san abin da ya hana ta."

Ta rufe manhajar. Hannun Alhaji ya tsaya a hanya, bai kai ga kofin ba.

Ta fara da abin da kowa zai fara zargi. An ɗauke wuta a makon nan, wataƙila kwamfutar ta mutu ba shiri ta rikice. Ta duba, ba alamar haka. Ta ce ko sabuntawar nan ce da kwamfuta ke yi wa kanta, takan kashe wasu abubuwa ba ta tambayi kowa ba. Ta buɗe jerin abubuwan da ke tashi tare da kwamfutar. Da sabuntawa ce, da ta ga sunan imel a jerin, an rubuta masa a kashe. Ba ta ga sunan ba ma gaba ɗaya.

Akwai wata 'yar ma'ajiya a cikin kwamfuta, duk abin da aka ajiye alamarsa a ciki, shi ke buɗewa da an kunna. Da hannunta ta saka alamar ambulan a nan, shekarun baya, Baba na tsaye a kanta yana cewa ta sake nuna masa, shi ba ya son abin da bai san cikinsa ba.

Ta buɗe ma'ajiyar. Wayam.

Sannan ta kai kibiyar kan kwandon shara, inda abin da aka goge ke taruwa.

Ga shi nan. Ambulan ɗin, shi kaɗai, da ranar da aka jefa shi a gefensa: Juma'ar da ta wuce, da hantsi.

"Inna."

"Na'am?"

"Inji ba ya jefa abu a shara. Mutum ne ke jefawa."

Alhaji Wada, da ashe yana bakin ƙofa, ya shigo.

"Kin ji ko! Hannu! Ba na faɗa ba? Wani ya shigo gidan nan."

"Ba wanda ya shigo, Baffa. Kwamfutar nan ba ta buɗewa sai da kalmar sirri. Mu uku muka san ta. Ni, ranar Juma'a ina wajen aiki." Ta juya. "Inna, yaushe kika koyi danna linzami haka?"

"Auta, ki iya bakinki."

"Ke kika ce mini ko ƙurarta ba kya sharewa, tsoro take ba ki."

"Ba ni na cire ba."

"Ban ce ke kika cire ba tukuna. Na ce yaushe kika koya."

Hajiya ta dubi Wada, ta dubi taga, ta je ta tura ta, amma sakatar ta lalace tuntuni, tagar ta dawo ta buɗe rabi. Ta tsaya ta ba su baya.

"Tun kafin azumin bara."

"Kafin azumin bara me?"

"Wata rana na kawo shayi, na tarar ya amsa wa Alhaji Yasser takardar wani daban. Na ce kuskure ne. Washegari ya rubuta wa mutumin da muka je jana'izarsa tare. Na goge. Na yi shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane faransanci, don haka ba rubutun ne zai gagare ni ba. Sai na riƙa tsayawa a bayansa. Ya karanta, ya faɗi abin da ya faɗa, in ya fita in zauna in gyara. Daga baya ma ba gyara nake ba. Ni nake amsawa."

"Da sunansa?"

"Da sunan wa zan amsa? Aikin a kunnena aka yi shi tun ina amarya."

Wada ya saki carbinsa a aljihu.

"Hajiya, fiye da shekara, ba ki gaya wa kowa ba? Ni ban kai a gaya mini ba?"

"In gaya maka ka zo da mota, kamar yadda ka zo yau?"

"Ni fa?" in ji Zahida. "Duk Lahadi ina gidan nan."

"Duk Lahadi ina tashi da wuri in shirya shi. In gaya masa wa zai zo, sunan mijinki, sunan 'ya'yanki. Kin taɓa ganin ya yi kuskure?" Ta juyo ta fuskance su. "Mutumin nan in ya fita, Zongo miƙewa take. Ranar da aka ce Alhaji Boureima ya fara gigi, yara ne za su riƙa binsa a baya. Na ce ba a kan idona ba. Muddin abin nan ya yi ting, ya san safiya ce, ya san shi wane ne, ya san abin da ke biye. Me na rage masa?"

"Jiya a Dantokpa aka tsince shi, Inna."

"Don abin ya ƙi buɗewa! Ki mayar da shi, komai ya koma daidai."

Zahida ta dubi allon. Dannawa ɗaya ce. Ta zaɓi ambulan ɗin, ta ce a maido, shi ke nan. Za a kunna, zai yi ting, Baba zai sha shayi ya sa hula, Baffa zai sauke tabarma kamar yadda ya yi alkawari. Inna kuma za ta koma bayan kujera, ba wanda zai sake ambaton asibiti, sai ranar da wani abin daban ya ƙi buɗewa, ƙofa ko murhu ko hanya. In kuwa ba ta maido ba, azahar na nan tafe, da motar da ke waje.

Yatsanta na kan linzami.

"To in ba ke ba ce, Inna, wa ya cire?"

"Ranar Juma'a da hantsi ina gidan suna. Tambayi Mamata, tare muka je."

"Ni ne."

Su ukun suka juya. Tun ɗazu ta saman kansa suke magana, kamar kujerar ce kaɗai a wurin.

Alhaji Boureima ya cire tabarau ya ajiye. Idon da ya ɗago ba na mai jiran wasiƙa ba ne. Idon da Zahida ta sani ne, wanda in ya kalli takarda sau ɗaya ma'aikacin tasha ke gyara tsayuwa.

"Ɗauke hannunki, Uwata. Ni na cire."

"Alhaji, ka huta," in ji Hajiya.

"Na huta fiye da shekara, in ji ki." Ya nisa. "Kaina yakan washe. Ba kullum ba. Kamar gari bayan ruwa, sai in ga komai tas. Ranar Juma'a ya washe. Abin ya buɗe, na ga amsoshi da sunana, ban san lokacin da na rubuta su ba. Na karanta. Sun yi kyau. Sun ma fi nawa ladabi, a nan na gane ba ni ba ne."

Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi.

"Na ce to, Boureima, gwada kanka. Abin nan kullum shi ke zuwa ya same ka. Cire shi, gobe ka gani ko kai za ka iya zuwa ka same shi. Na tuna inda kika nuna mini, Uwata, na shiga, na cire." Ya yi ɗan murmushi mara daɗi. "Gobe ta zo. Ban ma tuna na cire ba. Sai yanzu da na ga kwandon nan."

"Me ya hana ka faɗa mini?" in ji Hajiya.

"In faɗa wa wa? Ke rufe ni kike. Wannan ɗaure ni zai yi."

"Yaya, ba kai ke magana ba," in ji Wada. "Haka abin yake, yakan saki mutum ya yi magana mai daɗi don a fasa nema masa magani."

"Wada."

"Na'am, Yaya."

"Ni na koya maka tuƙi a hanyar Porto-Novo. Ka bankaɗe akuyar mutane, ka fito kana kuka kana ba ta haƙuri. Sammu ya san wannan?"

Wada ya sunkuyar da kai.

"Ka tuna babanmu?"

"Yaya, bar wannan."

"Ba zan bari ba, ban san ko anjima zan iya faɗa ba. Shi ma haka ya fara. Ya riƙa neman raƙuman da aka sayar tun ba a haife mu ba. Aka ce aljanun ruwa ne. Ni da kai muka sa shi a mota, muka kai shi. Da me muka dawo?"

Wada ya kau da fuska.

"Da me muka dawo, Wada?"

"Da takalmansa."

"Har yau ana cewa mun yi masa abin da ya kamata. Ni ma na faɗa. Ban taɓa yarda ba."

Wada ya goge fuska da hannun riga. Da ya yi magana, ba faɗa a muryarsa.

"To a asibitin me za su yi? Su auna ka, su ce ba magani, su sallamo mu. Can ko ba komai ana faɗa da abin. Ni ba zan iya zama in naɗe hannu ina kallonka kana zubewa ba, Yaya. Kai kaɗai ka rage mini."

Alhaji ya dubi 'yarsa.

"Amsa masa. Kada ki ƙara gishiri."

"Wataƙila ba za su warkar da kai ba, Baba," in ji Zahida. "Akwai irin da ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Akwai kuma ciwukan da ke kama da shi, waɗanda ake magancewa. Ba a sani ba sai an auna. Abu ɗaya na tabbata. Ba za su sa maka sasari ba."

"Amma za su rubuta sunansa," in ji Hajiya. "A zauna a layi, kowa ya gani. Kafin magariba Missèbo ta ji."

Alhaji ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru.

"Gwajin da na fara, ban gama ba. Uwata, kashe ta ki sake kunnawa. Kada ki maido komai."

"Baba..."

"Ku saurara, ku ukun shaida ne. In na buɗe shi da hannuna, ku bar ni a gidana. Kada in sake jin malami, kada in sake jin asibiti. In na kasa, maganar Uwata za a bi. Ba ta Wada ba, ba ta Hajiya ba. Kun ji?"

"Na ji," in ji Hajiya, tun bai rufe baki ba.

Sannan Wada ya ce, "Na ji, Yaya."

Zahida ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa. Allon ya yi baƙi, ya yi haske, 'yan hotunan suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ba ting. Ta ja kujerarta baya kaɗan, ta haɗa hannuwanta a cinya don kada su yi abin da ba a sa su ba.

Alhaji ya mayar da tabarau. Ya kama linzami.

Kibiyar ta tashi. Ta yi hagu, ta tsaya kan wani hoto, ta wuce. Ta gangara ƙasa kusa da kwandon shara, ta yi jim. Hajiya na motsa baki ba sauti. A waje wani mai kura yana ihu a ba shi hanya.

Kibiyar ta hau sama, ta ratsa tsakiyar allo, tana rawa. Ta kusa. Ta wuce. Ta dawo.

Ta tsaya a kan ambulan.

Zahida ce kaɗai ke kusa. Kafaɗarsa ta tare wa sauran. Ta ga yatsansa ya motsa a kan linzamin. Ko rawar tsufa ce, ko dannawa, ba ta iya rantsewa ba.

Ya juyo ya kalle ta, kallo ɗaya, mai tsawo.

Sannan ya miƙa hannu ya latsa maɓallin da ke jikin allon. Allon ya mutu. Akwatin da ke ƙarƙashin tebur ya ci gaba da gurnaninsa.

"Na kasa," ya ce.

Hajiya ta zame ta zauna a bakin gado mai shimfiɗar takardu.

"Alhaji, ka sake gwadawa. Sau ɗaya."

"An gama. Miƙo mini hula." Ya dafa tebur ya miƙe. "Uwata, ina za mu?"

"Asibiti, Baba."

"To mu je tun ina nan."

Ba wanda ya tambaye shi me yake nufi.

Hajiya da kanta ta sa masa hular, ta gyara masa wuyan riga. Zahida ta kama hannunsa suka fito ta zaure, ta sake shi a bakin ƙofa don ta tsayar da tasi. Rana ta take. Masu shago sun leƙo, wasu sun miƙe kamar yadda suka saba.

"Alhaji, barka da fitowa!"

Yana kallon titin, hagu da dama, kamar yau aka shimfiɗa shi. Sai idonsa ya faɗa kan motar ƙanensa. Ya taka, ya buɗe ƙofar gaba, ya shiga, ya zauna, ya ja ƙofar.

"Wada," ya ce ta taga, "kai ni gidan waya kafin su rufe. Wasiƙuna na can."

Garin da ya washe masa a ɗaki ya sake haɗa hadari.

Wada ya dubi yayansa, ya dubi makullin da ke hannunsa. Ya zagaya wajen ƙofar direba.

Ta riga shi. Ta tsaya jikin ƙofar, ta dafa ta da baya.

"Baffa, ka ce ka ji."

"Na ji. Yanzu ma ina ji." Ya nuna motar da haɓa. "Wanne ne yayana, na ɗaki ko na mota? Da ƙafarsa ya shiga."

"Na ɗakin ya san na motar na zuwa. Shi ya sa ya kafa shaidu."

Mamata maƙwabciya ta fito da ƙullin kuka a hannu, ta ga cirko-cirko, ta nufi Hajiya da ke tsaye a bakin zaure.

"Hajiya, lafiya? Ina za a kai Alhaji da rana tsaka?"

Zahida ta juyo ta kalli mahaifiyarta. Masu shago ma ita suke kallo. Amsar na nan a shirye a bakinta, wadda ta saba bayarwa: gajiya ce, idonsa ne, ziyara za su. Hajiya ta haɗiye ta. Ta ɗaga kai, ta gyara mayafi, kamar mai shiga aji.

"Mamata, Alhaji ba shi da lafiya. Ya daɗe. Abin da ke damunsa shi ne..."

Ting!

Ta tagar biro ta fito, mai rabin buɗewa, da ƙarfi, yadda duk lungun ya san ta.

Ba kowa a ɗakin.

A cikin mota Alhaji ya ɗago kai, fuskarsa ta saki.

Zahida ta rufe ido. Ashe ya danna. Ya danna, ya san nawar injinsa, ya kashe allon don kada a gani, ya ce ya kasa.

Wada ya sauke hannunsa mai makulli a hankali.

Hajiya Zinariya ba ta ƙarasa wa Mamata maganar ba. Ta taka zuwa motar, ta wuce 'yarta ko kallo, ta kama marikin ƙofar.

"Ya buɗe," ta ce. "Ku shaida ne, da bakinsa ya faɗa. Ku ba ni mijina."